Abin da Tsintsiya Ta Bari

Ɗakin Inna Barakatu ya tsage tun daga sama har ƙasa. Gara ta cinye azarar rufin, idan aka taɓa ta da sanda sai gari ya zubo. Kowa a unguwar ya gani, kowa ya ce Allah ya kiyaye, ya yi gaba. Haka muke a Dutsi. Sai soro ya danne mutum a taru a shimfiɗa tabarmi, a ce kwanansa ne ya ƙare.

Yazid, ɗanta na fari, malamin sakandare ne a Daura. Ya rantse daminar bana ba za ta sami mahaifiyarsa a ƙarƙashin wannan rufi ba. Ya tara bulo da siminti a ƙofar gida, ya ɗauko mai zanen gine-gine daga Katsina, Malama Zubaida. Da gangan ya nemi mace. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jihar ba, kuma dama gidansu ba gidan da baƙon namiji ke wuce zaure ba ne.

A zauren suka zauna ranar farko. Zubaida ta riga ta zaga gidan da tef ɗin awo. Ta ce tsakar gidan ba ta da faɗi, dole sabon ɗakin ya hau kan gurbin tsohon, wato sai Inna ta fita an rushe kafin a haƙa harsashi.

"To, me take so?" in ji Zubaida. "Ƙofa ta kalli ina? Madafi a jikin ɗaki ko a nesa?"

Yazid ya ce, "Ban sani ba."

"Ba ka tambaye ta ba?"

"Malama, ni ɗan fari ne."

Zubaida ta ajiye fensirinta. Ita ma Bahaushiya ce, ba sai an yi mata bayani ba. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yazid ba, ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba. Ba faɗa suka yi ba, kunyar ɗan fari ce. Tun yana jariri aka miƙa shi ga Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinsa, ita ta raine shi. Idan ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, Inna ta amsa wa bango.

"Sai a aika," in ji Yazid.

Aka aiki Gwaggo Talatu. Ta dawo tana gyara ɗaurin kallabi. "Ta ce ɗaki biyu da falo, ƙofa ta kalli gabas, a yi mata fenti kore."

Zubaida ta zana. Da ta dawo da zanen, Rauda, autar Inna, ta leƙa takardar ta fashe da dariya.

"Yaya, wa ya ce Inna na son falo? Gwaggo ce ke son falo. Ni Inna ta gaya mini ɗaki ɗaya ya ishe ta, ƙofa yamma."

"Ke, 'yar neman suna!" in ji Gwaggo. "Ina tare da uwarki tun ba a san za a haife ki ba."

"To ai shi ya sa kika manta abin da ta ce, Gwaggo. Tsufa ne."

Zubaida ta sake wani zanen. Aka kai wa Inna su biyun. Gwaggo ta fito ta ce ta zaɓi na farko. Rauda ta fito ta ce ko kallonsu ba ta yi ba, da ɗaya ma ta rufe ƙwaryar fura.

Sai Zubaida ta shiga da kanta. Ta daɗe a ciki. Yazid na ta kai da kawo a zaure, yana leƙa sararin gabas inda gajimare ya fara haɗuwa yana watsewa. Da ta fito hannunta riƙe da ƙullin kuka da daddawa.

"Ta ce me?"

"Ta tambayi iyayena, ta tambayi ko ina da miji, ta sa mini albarka. Da na kawo maganar gini sai ta ce, 'Ni ba ruwana, 'yar nan. Wanda ya tara bulonsa shi ya san abin da zai yi da shi.'"

"Shi ke nan, ta ba ni wuƙa da nama. Ki zaɓi ɗaya mu fara."

"Ba ta ce za ta fita daga ɗakin ba, Malam Yazid. A kanta za ka rushe shi? Kuma na taɓa zana wa wata tsohuwa ɗaki a Mai'adua ba da shawararta ba. Yanzu awaki ke kwana a ciki, ita tana nan a tsohon."

Ran Yazid ya ɓaci. Ya wuce cikin gida ba tare da ya tsaya a bakin ƙofa inda ya saba durƙusawa ba. Inna na zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ya tsaya a kanta.

"Inna, don girman Allah ki yi mini magana. A wane littafi aka ce uwa kada ta yi wa ɗanta magana? Ana ta cewa an kawo Shari'a, an kawo Shari'a, amma abin da ba ya cikin addini mun rungume shi kamar farilla. Rufin nan zai kashe ki! Me kike so a gina miki?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake ga kaza.

"Rauda," ta ce, "ki gaya wa masu tsayuwa a kan mutane su matsa, suna tare mini haske."

Ya fito zaure yana huci. Bai san ko tsawa aka yi masa ba ko kuwa wasa. Gwaggo ta ce ya yi rashin kunya, ya je ya ba da haƙuri. Ya ce wa zai ba, bangon? Rauda ta ce ita ta ga kamar Inna ta yi murmushi. Gwaggo ta ce ba murmushi ba ne, haƙorinta ke ciwo.

Zubaida dai na zaune tana duban zanenta. Can ta ce a samo mata toka, bokiti guda.

"Takarda ba ta gaya wa Inna komai," ta ce. "Bari in zana mata a ƙasa, daidai girman da zai kasance. Ta taka shi da ƙafarta ta gani."

Ita da Rauda suka ja igiya suka bi ta da toka. Kafin la'asar ga gida kwance a tsakar gida da farin layi: ɗaki, falo, madafi, makewayi, har inda kowace ƙofa za ta buɗe. Layukan suka tafi suka tsaya a gindin tsohon ɗakin, inda sauran ginin zai hau. Inna ta fito alwala, ta tsallake su kamar ba ta gan su ba.

Washegari da Yazid ya iso a kan babur, rabin gidan ya ɓace. Babu falo, babu bangon madafi.

"Awakin wa aka saki a nan?" ya daka tsawa. "Aikin da aka yini ana yi!"

Rauda ta ce ba a saki akuya ba, Inna ce ta yi shara da safe kamar kullum. Yazid ya riƙe kai. Wato amsar ke nan? Ba ta son ginin? To me ya sa ba ta share duka ba? Gwaggo ta ce bayanta ne ya gaji. Rauda ta ce Inna ba ta taɓa barin shara a rabi ba.

Ya sa aka mayar da layukan. Da safe suka sake ɓacewa.

Wannan karon Zubaida ta hana a taɓa komai. Ta tsuguna tana bin sawun tsintsiyar. Ta kira Yazid ta nuna masa. Inda falo yake an share shi tas, har ƙasa ta yi santsi. Amma a gefen layin ɗakin kwana tsintsiyar ta bi a hankali, ta zagaye shi, ko ƙwayar toka ba ta taɓa ba. A bangon kudu, inda Zubaida ta ja layi a rufe, an share wani ɗan wuri daidai faɗin ƙofa.

"Jiya ma waɗannan layukan ta bari," in ji Zubaida. "Ban lura ba ne."

"Kina nufin da tsintsiya za mu yi shawarar gini?"

"Da me kake so mu yi? Ka gwada baki."

"Malama, digiri gare ki. Ni ma haka. Yanzu mu zauna muna duba ƙasa kamar masu bugun ƙasa?"

"Duba ƙasa ai shi ne aikina tun farko," ta ce, ta ja tef.

Haka aka ci gaba. Da yamma Zubaida ta zuba toka, da safe ta auna abin da ya rage. Ta matsar da madafi kusa da rijiya, aka share. Ta mayar da shi jikin katanga, aka bari. Taga ta yamma ta kwana biyu sannan ta ɓace, ba wanda ya san dalili. Ranar da iska ta taso da asuba ta kwashe komai, Gwaggo ta ce Inna ta fasa gaba ɗaya, Yazid ya kusa mayar da siminti shago. Shi dai bai yarda da wannan hanya ba. Kullum yana faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare cewa al'ummar da uwa ba za ta iya cewa ɗanta "ga abin da nake so" ba, ba ta shirya gyara komai ba. Masu sauraro su ce gaskiya ne, Malam, su tafi. Amma kullum shi ne farkon zuwa duba tokar.

Wata safiya suka tarar da layin da ba Zubaida ta ja ba. Tokarsa baƙa-baƙa ce, ta murhu, a karkace, ɗan murabba'i a gefen sabuwar ƙofar.

"Akurkin kaji ne," in ji Rauda.

"Wurin randa ne," in ji Gwaggo. "Kaji a bakin ƙofa? Ke dai ba ki da hankali."

Yazid ya juya ga Zubaida. "Mene ne?"

"Ban sani ba."

"To ya za a yi?"

"Zan gina shi. Dakali zan yi, tsayin gwiwa. Randa za ta zauna a kai, kaza za ta hau, mutum ma zai zauna."

A ranar aka yi yayyafin farko. Bai jiƙa ƙasa sosai ba, amma wani ɓangaren yaɓen ɗakin Inna ya zame ya faɗo. Zubaida ta kammala zane na ƙarshe ta miƙa wa Mati magini. Mati ya ce shi a shirye yake, amma ba zai sa diga a ɗakin da gadon mutum ke ciki ba. Yazid ya aiki Gwaggo, ta dawo ta ce Inna ta ce sai bayan damina. Ya aiki Rauda, ta dawo ta ce Inna ba ta ce komai ba, barci take.

Ya koma Daura bai san abin da zai gaya wa kowa ba.

Da safe ya dawo da niyyar ya ɗauke Inna da hannunsa in ta kama, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Ya shiga tsakar gida ya tsaya cak. Gadon ƙarfen Inna na waje a gindin katanga, an jera kwallaye da tukwane a kansa, an lulluɓe da zane. Ita tana zaune a gefe, ta ba ɗakin baya, tana kaɗa nono.

Ya durƙusa. "Inna, kin yarda ke nan? A rushe?"

Ta ci gaba da kaɗa nono. Ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta ce ƙila shanya kayan take yi. Ya dubi Zubaida.

"Kira Mati," in ji ta.

Aka yi wa matan gida sallama, Mati ya shigo da diga. Ya daki bangon sau ɗaya, a gefen tsagar. Bai ɗaga na biyu ba rufin gaba ɗaya ya rufta ciki, azara da ƙasa, daidai inda gadon yake a da. Mati ya yi tsalle baya yana salati. Yazid ya zauna a ƙasa.

Inna ba ta waiwaya ba. Ta sa tafin hannu ta rufe bakin ƙwaryar.

"Rauda," ta ce, "ki gaya wa masu gini su yi a hankali, suna zuba mini ƙasa a nono."