Gishiri a Cikin Kyamara

Abdulbaƙi ya danna maɓallin kyamarar, gilashin ya yi haske, sai jan rubutun Turancin nan ya sake fitowa: kati ya samu matsala. Ya kashe ya kunna, ya cire batiri ya mayar, har da ɗan hura mata iska kamar mai fifita koko. Rubutun yana nan daram. Ga shi hoton mahaifiyarsa guda ɗaya tak a duniya yana cikin katin nan.

Mama Mairo kuwa ta tsufa tana dafa gishiri a Keana, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko a bikin 'ya'yanta, da ta hango mai hoto sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Sai a damanar nan, da ya kai mata ziyara da sabuwar kyamararsa, ta ce ya ɗauka ya huta da naci. Ta tsaya gefen tukwanenta tana dariya, ya ɗauka, su biyu suka leƙa suka gani. Kafin su shige rumfa ruwa ya kece, kyamara ta jiƙe sharkaf. Ya cire batiri, ya ajiye ta a ɗakin Mama don ta bushe, ya koma Lafia. Komawar da zai yi Keana ta jana'izarta ce. Bayan an share makoki ƙanwarsa Nasiha ta miƙo masa kyamarar, a naɗe cikin tsumma, fes da ita.

Ko karyawa bai yi ba ya nufi shagon Iorchia, wani Tibi mai gyaran waya da kyamara a unguwar Bukan Sidi, cikin Lafia. Iorchia ya karanta rubutun, kyamarar ma ta ƙara da tambaya ko a wanke katin.

“Oga, ka danna Yes?”

“Ban danna ba.”

“Ka gode Allah. In ka danna, komai ya tafi.”

Iorchia ya zaro katin da ƙyar, ya saka wani, rubutun bai gushe ba. Ya ɗaga na Abdulbaƙi a haske. Haƙoran katin, da ya kamata su yi ƙyalli kamar zinariya, sun zama kore, biyu ma sun cinye. Ya goge da auduga, ya saka a kwamfuta, ko motsi. Da ya kwance bayan kyamarar, wani farin gari ya zubo a tebur. Ya dangwala ya kai baki.

“Kai! Oga, wannan gishiri ne fa. Wa ya sa ma kamara gishiri?”

Abdulbaƙi ya kira Nasiha a waya.

“Ai Mama ce, Yaya,” in ji ta. “Ta ce ba abin da ke jan ruwa kamar gishiri. Ta tona tulun da take ɓoye mai kyaun, wanda ba ta sayarwa, ta binne kyamarar a ciki. Kullum sai ta juya ta. Ta ce kar ka dawo ka tarar hotonta ya jiƙe.”

Ya kashe wayar. Matar da ta shekara sittin tana gudun hoto, ashe ta kwana ta tashi tana jinyar nata. Ya so ya yi fushi, ya rasa da wa zai yi.

“Ba yadda za a yi?” ya tambayi Iorchia.

“Sorry, Oga. Gishiri ya cinye har ciki. Ko Legas ka kai, ba zai fito ba.”

Iorchia ya ɗauko tsumma zai share teburin, Abdulbaƙi ya yi wuf ya riƙe masa hannu. Ya ciro hankicinsa ya shimfiɗa, ya shiga tattara gishirin da gefen tafinsa a hankali, har wanda ya maƙale a tsagin katako. Ya ƙulle, ya saka a aljihun gaba, ya fita. Iorchia na kiransa ya manta kyamara, bai waiwayo ba.