Wanda Ya Ja Birki

Shagona a saman bene yake, tagata kuma tana kallon gangaren kasuwa. Shekara tara ke nan ina ɗinki a wurin, har mutane suka laƙaba mini 'Yar Sama. Ni ba na bin gulma, amma idan mutum yana da taga irin tawa gulmar ce ke hawowa ta same shi. A ƙasa, daidai gindin benen, rumfar Yaya ce ta faci. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma tun da Baba ya rasu shi ke riƙe da ni da Inna. Yana da kyauta, yana da son mutane, sai dai zuciyarsa a kusa take, hannunsa kuma ya fi bakinsa sauri.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ina haɗa hannun wata riga. Na ji ƙara kamar an jefo buhun kwanuka daga sama. Da na leƙa, sai na ga babbar mota shaƙe da katako ta tsaya a tsakiyar gangare, babur a ƙarƙashin hancinta. Mai babur ɗin Ɗan Gayu ne, aminin Yaya, wanda kullum yake zuwa rumfa a sa masa iska a taya kyauta ya tafi da zagi. Yana kwance, kansa ya juya ta inda kai ba ya juyawa, ƙafa ɗaya tana ta harbawa.

Abin da ya biyo baya ni kaɗai na gani, domin ƙofar direba tana ɓangaren katanga ne, mutanen kasuwa kuwa suna ɗaya gefen. Direban, wani gajere mai jar riga, ya buɗe ƙofa ya diro, ya tsallake kwata, ya faɗa lungu. Ko birki bai tsaya ja ba. Motar ta fara silalowa da baya, a hankali, ta nufo rumfar Yaya da matan da ke kasa kaya a gindinta. Sai na ga mutumin da ke kujerar gefe ya yi tsalle ya koma mazaunin direba, yana lalube kamar makaho, har ya kama birkin hannu ya finciko da hannu biyu. Motar ta yi gunji ta tsaya. Tsakanin tayarta da tiren wata mai sayar da sabulu bai fi taku uku ba.

Su kuwa na ƙasa, abin da suka gani shi ne mota ta kashe mutum tana ja da baya za ta gudu.

Suka zagayo suka fizgo shi ta ƙofar da direban ya bari a buɗe. Ya faɗo da ka. Na ga bakinsa yana motsi, amma wa zai ji? Mai nama ya sa masa ƙafa a ciki, wani ya sauke masa benci a gadon baya, mata suna jifa da duk abin da hannu ya kai. Na buɗe taga ina ihu, "Ba shi ba ne! Ba shi ba ne!" Muryata ko rumfar ƙasa ba ta kai ba. Sai ga Yaya ya keto taron, rigarsa jiƙe da jinin Ɗan Gayu, riƙe da ƙarfen da yake ɓare taya da shi. Mutumin ya ɗago hannu zai kare, ƙarfen ya karya hannun. Bugu na biyu ya same shi a gefen fuska. Har yau idan na rufe ido ina jin wannan sautin, kamar an fasa kwakwa.

Kafin in sauko 'yan sanda sun iso, kowa ya watse ya koma kan sana'arsa kamar ba a yi ba. Yaya ya wanke ƙarfen a bahon da yake gwada tayoyi. Na tsaya ina kallonsa, sannan na koma sama. Tsoro ne ya kama ni, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Mutumin bai mutu ba. Kafinta ne, katakon nasa ne, rakiyar kayansa kawai ya yi. Ya rasa ido ɗaya, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, an kuma ɗaure ƙafarsa da ankwa a jikin gadon asibiti. Aka tuhume shi da tuƙin ganganci da ya jawo kisa, da tuƙi ba lasisi. Mai motar ya ce direbansa ya ɓace, kuma dama yana da halin ba wasu sitiyari. 'Yan sanda suna da mutum takwas da suka rantse a kujerar direba suka ciro shi, kuma gaskiya suka faɗa. Wanda ya fasa masa fuska kuwa, duk kasuwar nan babu wanda ya gani, sai ka ce ranar makafi ne suka ci kasuwa.

Bayan sati uku matar kafintan ta hawo benena. Doguwa ce, ta rame, idonta ya faɗa. Ta bi shago-shago ana korarta, har mai sabulu ta ce mata ta gwada ta sama.

"'Yar'uwa, mijina ko keke bai iya ba," in ji ta. "An ce tagarki tana ganin titi. Don Allah, ba ki ga komai ba?"

Na ce ina ɗinki lokacin. Ta ce to, ta gode, ta ajiye mini katin lauyansu a kan tebur ta sauka. Na dinga jin takunta a matakala ɗaya bayan ɗaya, na tsani kaina. Rigar da ke hannuna sai da na farke ta sau uku.

Kwana biyu na yi ina juya katin, sannan na je. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan wani kantin magani, fanka tana juyi tana kaɗa takardu. Lauyan siriri ne, yana ta tsotsar maganin gyambon ciki kamar alewa. Na ce masa tambaya na zo yi a madadin wata ƙawata. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ƙawayen nan suna ba shi aiki ƙwarai.

"Idan mutum ya ga abu bai faɗa ba, laifi ne?"

"In ba a kira shi ba, babu mai kama shi. In kotu ta aiko masa da sammaci, dole ya zo."

"To in ya zo, zai iya faɗin rabi? Ya ce ga wanda ya tuƙa, ga wanda ya ja birki, shi ke nan?"

"Ni iyakar abin da zan tambaya ke nan," ya ce. "Amma in na zauna, mai gabatar da ƙara zai tashi. Aikinsa ya nuna ba ki ga komai da kyau ba. Zai ce, ke da kika ga hannu a kan birki daga bene, wa ya riƙe ƙarfe? In kin ce ba ki gani ba, shaidarki ta zube, mutumina ya tafi gidan yari. In aka gane kin ɓoye bayan kin yi rantsuwa, ke ma kin shiga."

"Shi mai ƙarfen fa, me zai same shi?"

"Mummunan rauni da makami. Shekaru ne, Hajiya, ba watanni ba. Ba zan shafa miki mai a baki ba." Ya tura mini ruwa a kofi. "Shi ma kafintan shekaru ne. Bambancin, shi bai yi komai ba."

Na fito raina a jagule. Na so a ce ya yi mini ƙarya, ko ya matsa mini, in samu wanda zan yi fushi da shi.

Ban san wanda ya gan ni a ofishin ba, amma kafin in koma labari ya riga ni. Ina zama a kan keke na ji matakala tana girgiza. Yaya ya banko ƙofa.

"Ke, wurin wa kika je?"

"Yaya, zauna ka ji. Mutumin nan ba shi ya kashe Ɗan Gayu ba. Direban ya gudu ta lungu, na gan shi da idona. Wannan birki ya ja. Da bai ja ba, da kai da rumfarka..."

Marin ya jefa ni kan tarin yadi. Kunnena ya ɗauki ƙara, na ji gishirin jini a bakina.

"Sati uku kina sane kika yi shiru?" Ya tsaya a kaina. "Sai yanzu za ki ce mini na fasa kan wanda bai ji ba bai gani ba?"

"Tsoronka na ji."

"Ƙarya kike! Shi ne! A kan sitiyari na same shi!"

Ya san ba ƙarya nake ba, shi ya sa ya haukace. Ya ɗaga keken ɗinkina, kai da ƙafa, ya wurga shi ta matakala, ya bi shi da dutsen guga da madubi. Na riƙe masa riga, ya murɗe mini hannu har yatsuna biyu suka yi ƙas. Da ya ji ƙarar sai ya sake ni, ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya sauka, ina jinsa yana tattaka gilashi.

A asibiti malamar jinya ta tambaye ni ko na kawo takardar 'yan sanda, na ce faɗuwa na yi a bene. Ta ce benen nan yana da yatsu biyar, ga su nan kwance a kumatuna. Inna ce ta zauna da ni aka ɗaure hannun. A hanyar gida ta riƙe mini jaka, ta yi ta magana ƙasa-ƙasa.

"Ya yi laifi, na sani, kuma zan ci masa mutunci. Amma ɗan'uwanki ne. Shi ya ɗauke ki a kafaɗa ya kai ki makaranta. Wancan mutumin Allah zai fitar da shi."

"Inna, in Allah ni ya ajiye a tagar fa?"

"Kar ki yi mini wa'azi. Ni na haife ku ku biyu. Ki ce 'ban gani ba', kalma uku ce."

Ina son Yaya, har gobe ina sonsa, kuma da wani ne ya taɓa shi da ni zan fara ɗaukar ƙarfe. Amma na ga fuskar kafintan lokacin da yake lalube a cikin motar nan, shi ma tsoro yake ji, kuma ƙofarsa a buɗe take, da ya so da ya dire.

Sammaci ya zo ranar wata Talata. Kotun ƙarama ce, benci shida, tana warin tsohuwar takarda da gumi. Aka shigo da kafintan, rabin fuskarsa ya lotsa, hannunsa rataye a wuya. Inna tana benci na biyu. Yaya yana tsaye a baya kusa da ƙofa, ya sa farar rigarsa ta zuwa biki. Ban san me ya kawo shi ba, wataƙila ya ɗauka in na gan shi bakina zai mutu.

Aka rantsar da ni. Lauya ya yi tambayoyinsa, na ba da labarin gajere mai jar riga, da lungu, da birki. Matar kafintan ta kifa kai a cinya tana kuka. Sai mai gabatar da ƙara ya miƙe, wani mai ƙiba da murya mai laushi.

"Malama, idonki ƙalau yake?"

"Zare nake sawa a allura tun safe har yamma."

Aka yi dariya, alƙali ya buga tebur.

"Madalla. To mutum nawa suka doki wanda ake tuhuma?"

"Sun fi ashirin."

"Takardar likita ta ce ƙarfe ne ya fasa masa ido. Mai idon allura, kin ga wanda ya riƙe ƙarfen?"

Na dubi yatsuna da ke naɗe. Na ji Inna ta yi gyaran murya.

"Na gani."

"Kin san shi?"

"Yayana ne. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ga shi can bakin ƙofa."

Mai ƙibar ya koma yana juya takardunsa, domin ba amsar da ya shirya wa ke nan ba. Yaya bai gudu ba. Da ɗan sanda ya dafa shi, shi da kansa ya miƙa hannuwansa, bai ko dubi inda nake ba. Alƙali ya ba da belin kafintan nan take, ya ce a nemo mai jar riga.

Da na fito, na tarar da Inna zaune a matakalar kotu, takalminta ɗaya ya fita, tana kallon motar da ta tafi da Yaya. Gwiwarta ba ta da lafiya, ba ta iya tashi daga ƙasa sai an kama ta. Na durƙusa na sa hannuna mai lafiya a hammatarta.

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, ta zare hannuna a hankali.

"Bari, baiwar Allah," ta ce. "Na gode. Zan iya."