Sakatar da Ke Waje

Shekara ashirin da shida Farfesa Ludmiła tana tono a wata tsohuwar ganuwa da ke cikin fadama, tana rantsuwa sarakunan ƙasar na farko ne suka gina ta, abokan aikinta suna yi mata dariya. Abu ɗaya ne zai rufe musu baki: itace mai ɓawonsa, wanda za a ƙirga layukan cikinsa a san shekarar da aka sare shi. Ga shi kuma saura kwana tara ruwan sabuwar madatsa ya shanye wurin.

Ranar Talata da hantsi suka gama tono ƙofar garin, baƙa ƙirin, a tsaye kyam, laka ta adana ta. An tokare ta da wani gungumen sakata, ɓawonsa lafiya lau. Farfesa har da hawayen murna.

"Baba Zenon, kawo zarto!"

Zenon shi ne tsohon da ya fi kowa daɗewa yana yi mata haƙa. Bai motsa ba.

"Farfesa, da duk karatun nan naki, a ina muke tsaye?"

"A wajen gari mana. Giyar jiya ce ba ta sake ka ba?"

"To, wane mahaukaci ne ke sa sakata ta waje?"

Ta duba. Wallahi gaskiyarsa. Amma ta dake.

"Kakannina sun yi noma a nan," in ji shi. "In garma ta zo daidai nan, ɗaga ta ake yi a tsallake. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili."

"Ni kuwa tambaya ce sana'ata. Ba ni zarton nan."

Da hannunta ta yanke sakatar. Itacen ya yi taushi kamar cuku, yana fitar da ƙamshin ɗanyen itace, sai ka ce jiya aka sare shi. Ta ciro yankin, ta rungume shi a ƙirji.

Sai ƙofar ta yi wata 'yar ƙara, ta fara buɗewa a hankali, tana nufo su.

"Nauyin ƙasa ne ke turo ta," in ji ta.

Zenon ya cire hularsa.

"Wace ƙasa, 'yata? Ai tun shekaranjiya muka kwashe wadda ke bayan ƙofar."