Ƙarar da Tukur Ya Ji

Tukur ne makaɗin mahautan Hunkuyi, kuma kunnensa ya soma mutuwa tun kafin bikin samun 'yancin kai. Ko matarsa bai faɗa wa ba. Bakin mutum yake kallo ya tsinci magana, kalangu kuwa a haƙarƙari yake jin sa. Ya san ranar da mahauta suka gane, ranar za su miƙa kiɗan ga ƙanensa Sambo.

Shi ya sa ya daina yarda da Sambo. Mutumin da shi ya koya wa riƙon kalangu, yanzu in ana kiɗa sai ya tsaya a gabansa yana buga ƙafa a ƙasa, wai shi gwani. Da kafaɗar Tukur ta riƙe har ya kasa matse kalangu, Sambon ne ya nace sai sun je asibiti a Zariya, wai an kawo injin da ke magani da ƙara. Duk magungunan duniya a rasa wanda za a kai shi sai na ƙara? Tukur ya ce a ransa tarko ne.

Malamin asibitin ya shafa masa mai a kafaɗa, ya ɗora wani ƙarfe mai waya, ya kunna. Tukur ya kasa kunne. Shiru, sai ɗumi da ke ratsa tsoka. Ga Sambo a gefe ya zuba masa ido. Tukur ya ɗauka kowa na jin ƙarar, shi kaɗai ne ba ya ji.

Sai ya yamutsa fuska, ya toshe kunne da yatsa. "Malam, rage mana! Wannan ƙara ai sai ta kurmantar da mutum."

Malamin ya fashe da dariya. "Baba, wace ƙara? Kunnen ɗan Adam ba ya kama ta. Ni da nake kunna injin ban taɓa ji ba."

Tukur ya karanta maganar tsaf a bakinsa. Kunya ta rufe shi, ya juya yana jiran dariyar ƙanensa.

Sambo bai yi dariya ba. Durƙusawa ya yi, ya daidaita fuskarsa inda yayansa zai ga leɓensa, ya yi magana a hankali.

"Yaya, tun bara nake buga maka ƙafa, don kada ka kauce wa kiɗa. Mahauta ba su sani ba."

Tukur ya daɗe yana kallon ƙafar nan da ya tsana. Sannan ya zare yatsa daga kunnensa.