Azurfa a Bakin Zane

A shekarar yunwar nan da ake kira Kakalaba, ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, ya bushe a tsaye. A wani ɗan ƙauye kusa da Ɗanzomo akwai wani manomi mai suna Barau, yana zaune da matarsa Maijidda, da tsohuwarsa Iya, da 'yarsu Hassana wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Abokin tagwaitakarta, Hussaini, tun farkon rani ya koma ga Mai shi.

Abin da ke rumbu bai kai su ko'ina ba. Suka ci dusa, suka ci busasshiyar tafasa. Maijidda ta riƙa jiƙa 'ya'yan anza tana tsiyaye ɗacin, wani lokaci ta haƙa gidan tururuwa ta kwashe ɗan hatsin da suka tara. Da abin ya kai maƙura suka ci irin shuka, sannan Barau ya jinginar da gonar gado a kan dawar da ba ta cika ƙwarya biyu ba. Hassana da ta fara gudu a tsakar gida ta koma rarrafe.

Barau ya lura matarsa takan ce ta ci a madafa, alhali rabonta take juye masa. Wata safiya ya ce mata za su bi hanyar Gagarawa shi da maƙwabcinsu Cindo, su gangara ƙasar Haɗeja, an ce a bakin kogi ana samun ƙwadago da kifi. Ta dubi ƙafafunsa da suka fara kumbura, ta roƙe shi ya dakata ko zuwa faɗuwar ruwan fari.

"In na tafi, baki ɗaya ya ragu," in ji shi. "Ki riƙe mini Iya."

Ta ƙulla masa ɗan dafaffen anza a tsumma. Bayan fitarsa ta tarar da ƙullin a kan turmi.

'Yan kwanaki da tafiyarsu, ana jiran tsayuwar sabon wata, sai ga wata tsohuwa a kan jaki, da mutanenta a baya. Zinariya ce, attajirar Maigatari, wadda ta yi arziki da fataucin kanwa da fatu tsakanin Damagaram da Gumel. Jama'a suka fito suna leƙen mangalolin hatsi, ba su ga ko ɗaya ba. Ta zauna a gindin tsamiya ta ce kowane gida a turo mata mutum guda. Mai unguwa ya ba ta shawara ta danƙa masa kuɗin ya sayo dawa ya raba, don talaka in ya ga azurfa hankalinsa gushewa yake. Ta ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a hannun kowa za ta sa.

Maijidda ba ta taɓa riƙe azurfar Nasara ba, sai dai ta hango ta a hannun maza lokacin haraji. Da sanyin kuɗin ya taɓa tafinta sai ta durƙusa.

"Gwaggo, yaushe za a biya?"

"Ba bashi ba ne, 'yata. Hakkin Allah na fitar. Ki yi abin da ya fi damunki."

Ta ƙulle a bakin zane, ta miƙe, idonta ya tafi kan hanyar da Barau ya bi. A ranar ta fara aike. Duk mai jakin da ta ji zai yi wajen Haɗeja sai ta kwatanta masa mijinta, dogo ne mai tabo a gira, ta ce a gaya masa ya dawo gida, Allah ya kawo mafita.

A kasuwar Maigatari akwai hatsin da fatake suke haurowa da shi daga kudu, amma masu shi ba sa karɓar wuri, sai azurfa. Maijidda ta auno dawa, ta sayi iri mai kyau, ta ja wata ramammiyar akuya mai ɗan nono saboda Hassana. Ragowar ta kai wa wanda ke riƙe da gonarsu ta fanshe ta a gaban dattawa. Sauran mutane ma kowa ya toshe tasa ɓarakar. Sajo ya sayo guga da igiya aka koma jan ruwa a rijiyar da aka ƙaurace wa. Fadimatu ta sayi wake ta kafa kaskon ƙosai. Akwai wanda ya ƙarar da nasa a goro da sabuwar riga, aka yi ta maganarsa, amma shi kaɗai ne.

Da ruwan shuka ya sauka, Maijidda ta ɗauki sungumin mijinta tana sara, Iya na binta a baya tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Maƙwabta, da yake cikinsu ya ɗan ɗauka, suka yi mata gayya a noman fari. Hassana ta sake tashi tsaye, har tana bin akuya tana jan wutsiyarta. Kullum Maijidda takan ware malmala guda a akushi, in gari ya waye ba wanda ya yi sallama ta ɗumama wa Iya.

Damina ta yi albarka. Ana cikin ɗaurin gero Cindo ya dawo shi kaɗai. Ya tsugunna a ƙofar gida ya daɗe yana gaida Iya, ya kasa ɗaga kai. Daga ƙarshe ya faɗa musu Barau bai taɓa ganin kogin ba. A Gagarawa ƙafafunsa suka ƙi, zawo ya kama shi, Cindo ya kwantar da shi a wata rumfar kasuwa. Ya yi kwanaki yana jinya, Cindo yana bara yana ba shi, har rai ya yi halinsa. Mutanen gari suka yi masa sutura.

Iya ta yi salati ta kifa kai a gwiwa. Maijidda ba ta yi kuka nan take ba. Ta tambayi Cindo ko wata ya tsaya kafin rasuwar, ya ce ya tsaya, har ya ɗan yi ƙwari. Sai ta gane ranar da take ƙulla azurfa a bakin zane mijinta yana da rai, yana kwance a wurin da jaki zai kai ta cikin yini biyu. Masu jakan da ta aika ta gefen rumfar suka wuce, suna cigiyarsa a can bakin kogi.

Bayan ta fita takaba ta ari jakin Sajo, ta ɗora masa gero ta nufi Gagarawa. Ta sami limamin garin ta ce masa tana so ko daga nesa a nuna mata inda aka sa shi. Dattijon ya ce ta yi haƙuri, baƙin da suka binne a shekarar nan suna da yawa, mafi yawansu ko suna ba a sani ba. Ya nuna mata wani fili bayan gari da ciyawa ta rufe. Ta tsaya ta dube shi iya dubawa, ta sauke geron ta ce a raba sadaka ga duk wanda ke kwance a wurin, ta juyo.

Gidan bai sake kwana da yunwa irin waccan ba. Akuya ta hayayyafa, gona ta zauna a hannunsu har Hassana ta girma ta gaje ta. A ƙauyen kuwa, duk inda mata suka taru wajen sussuka aka tuna shekarar, sai an sa wa Zinariya albarka. Maijidda takan ce amin tare da su, har cikin zuciyarta, daga nan ta jingine taɓarya ta ce bari ta je ta duba wuta.