Fedar Hagu

…to, ba kujerar ba ce ke nan. Ya ɗaga ta, ya sauke ta, ya ja ta baya har ƙeyarsa na gogar bango, kuma abin da ke fitowa daga babbar gangar bai canza ba. Dum — sai wani ɗan tari. Dum, tari. Dum, tari. Kamar kafintoci biyu a kan ƙusa ɗaya, ɗaya ƙato, ɗaya bai karya kumallo ba.

Feda biyu. Me ya yi zafi? Shekara da shekaru da guda ɗaya yake ci yake sha: ƙafar dama ta taka, guduma ta bugi fata, jama'a su yi rawa su koma gida. Ba wanda ya taɓa kai ƙara. Sai da Shugaba, mai ƙungiyar kiɗansu, ya je ya kalli wasan wasu, ya dawo ido a buɗe, wai sababbin waƙoƙin ƙungiya suna son ƙasa ta riƙa rugugi kamar jirgi na wucewa. Bai ce zai sallame shi ba. Shugaba mutum ne mai ladabi. Cewa kawai ya yi, "Agogo, gwada mana ranar Asabar mu ji," sannan ya ambaci wani makaɗi da ƙungiyarsu ta watse, mai ƙafafu kamar keken ɗinki, ya sake ambatarsa ba tare da kowa ya tambaya ba.

Agogo. Su suka sa masa sunan, ba shi ya roƙa ba. Wai ko wuta ta ɗauke, ko mawaƙiya ta manta baiti, shi ba ya gaba ba ya baya…

Wurin ne. Dole wurin ne. Sabuwar fedar ta zo ta zauna daidai inda ƙafar faifan ƙarfe take tsaye tun ran gini, faifan nan biyu masu kifuwa da juna waɗanda ƙafar hagu ke buɗewa tana rufewa. Ya tura su hagu — hannu ya kasa kaiwa sai ya karkace. Ya dawo da su — sandar da ta haɗa fedojin tana bugun ƙafarsu. Ya matsar da ƙaramar gangar da ke tsakanin gwiwoyinsa, ta ture ta kusa da ita, ita kuma ta shige ƙarƙashin babban faifai. An taɓa ɗaya an taɓa duka, kamar rabon gado. Alamomin salatif da ya liƙa a kan kafet, waɗanda ko ido rufe zai jera kayansa a kansu, yau duk sun zama ƙarya. Ga su nan, ƙananan farare, kowanne yana nuna inda ba komai.

Gwiwa a kan idon sawu, cinya ta ɗan gangara, ƙafafu a buɗe daidai wa daida. Ya san karatun. Shi ya koya wa wasu. Ya zauna yadda littafi ya ce, ya ja numfashi, ya taka.

Dum. Tari.

Sifirin ne, ƙarfen nan mai dawo da feda, ya yi tauri. Sabon kaya haka yake. Sai dai ƙanensa mai walda ya zo da safe, ya ɗiga mai, ya sassauta, ya danna fedar da yatsa ɗaya, gudumar ta tafi kamar an aike ta. Ya ce, "Yaya, wannan ai ko kyanwa ta taka sai ta yi kiɗa." Shi kuwa ya ba shi amsa cewa mai walda ƙarfe ya sani, kiɗa kuma sai mai shi. Amsa mai kyau. Ya ji daɗinta har azahar.

Kafet ɗin ne yake zamewa? Ba ya zamewa. Ya duba. Takalmin ne, wataƙila — matarsa tana tsaye a ƙofar ɗaki da takalmin a hannu, ta juya shi tana kallon ƙasansa, wai Baban yara, me ya sa na hagunka kaɗai ke cinyewa ta baki? Ya ce masu yin takalma na yanzu ba su da tsoron Allah. Ta ce to su da na hagu kaɗai suke gaba? Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye takalmin a hankali, kamar wanda zai fashe… Yaushe ne ma? Kafin ruwa ya sauka. Ya kwana biyu.

Bar wannan. Tsawon gudumar. Wataƙila ta hagu ta fi gajarta, tana bugun fata a ƙasa da tsakiya, shi ya sa muryarta ta shaƙe. Ya durƙusa, ya leƙa, ya auna da ɗan yatsa. Daidai suke. Tagwaye, ko uwarsu ba za ta bambanta su ba. Abin haushi ne a ce mutum ya sayi kaya yana neman aibinsa ya rasa.

Tasowa daga durƙuson ma — me ya sa ya dafa ganga? Tun yaushe yake dafa abu?

Matakalar gidan wasa. Ai kowa na tuntuɓe a nan, matakin ƙarshe ya fi sauran tsawo, ya faɗa wa mai gadi a gyara. Da bakin kwata na ƙofar gida. Da ranar da silifa ta fita daga ƙafarsa a kan titi, ya yi tafiya, sai da wata mai sayar da lemo ta kira shi, Malam, ka bar takalminka. Tunani ne ya yi yawa. Mutum mai iyali…

Mai jita ma ya taɓa faɗa, suna naɗe waya bayan wasa, cewa kwanan nan ba a jin cas-cas ɗin faifansa, ya daina taka su, ya bar su a rufe kawai. Me ya ce masa? Ya ce wannan shi ake kira girma. Yaro ne ke cika waƙa da surutu, babba ya san abin da zai bari. Har mai jitan ya gyaɗa kai, ya ce lallai, Agogo, kai malami ne. Malami! Ƙafa ce ta kwanta a kan feda kamar buhu, nauyinta kaɗai ke rufe faifan, shi kuma ya ɗauki abin ya sa masa suna salo. Har wasu suka fara kwaikwayo.

A'a. Tsaya. Akwai gwajin da kowane makaɗi ya sani, wanda da shi ake raba laifin kaya da laifin mai kaya, kuma tun safe yake kewaye shi kamar mai kewaye kare a bakin hanya. Ba wuya. A musanya ƙafa, shi ke nan.

Ya karkata kujera. Ya ɗora ƙafar dama a kan fedar hagu.

Dum. Dum. Dum-dum-dum-dum-dum —

Rugugi. Ga jirgin Shugaba nan yana wucewa, tagar ɗaki har rawa take. Feda lafiya ƙalau. Sifirin lafiya, sanda lafiya, mai walda ya yi gaskiya, Allah ya ƙara masa ciniki.

To.

To, saura rabin gwajin. Ƙafar hagu a kan tsohuwar feda, wadda ya sani kamar yunwar cikinsa, wadda ba ta taɓa yi masa gardama ba. Sai da ya sa hannu ƙarƙashin gwiwa ya ɗaga — sa hannu? Wa ya ce ya sa hannu?

Tari.

Tak… shaa. Tak… shaa. Baba ne ke tahowa ta barandar gidansu, ƙafa ɗaya na takawa ɗaya na bin ta a ƙasa, bayan ciwon da ya kayar da shi a wurin aiki. Tun daga ƙofa ake sanin ya dawo. Shi kuma yana ƙarami, zaune da gwangwanin madara da cokali biyu, yana bin sautin — tak a kan murfi, shaa a gefe — yana murna ya gano kiɗa. Inna ta fizge cokulan, idonta ya yi ja. Kiɗan farko da ya taɓa koya ke nan. Bai taɓa gaya wa kowa ba. In an tambaye shi wa ya koya masa, cewa yake baiwa ce.

Amma na Baba rana ɗaya ya zo, kowa ya gani. Wannan fa? Wannan ba sallama, ba faɗuwa, ba ciwo. Ai da ciwo da ya sani. Abu ya shigo gida ya zauna, yana cin takalmi, shi yana zagin masu takalma.

Ranar Asabar. Zai iya cewa fedar ba ta yi ba, ya mayar. Zai iya cewa shi ba ya kiɗan hayaniya, tsohon hannu ne, a bar wa masu ƙafar keke. Za su yarda, har su ƙara girmama shi, su ba wancan makaɗin kujerar da sunan na ɗan lokaci. Bakinsa dai bai shanye ba, wannan kam an tabbatar. Matarsa ce ba za ta yarda ba. Ita da ta riga ta… tun yaushe take kallon tafiyarsa ta taga? Shi ya sa ta daina aikensa ya ɗauko tulun gas? Shi da ya ɗauka daraja ce ta ƙaru.

Ya cire takalman, ya cire safa. Ƙafafu biyu a kan kafet, tsakanin wayoyi da ƙarafa, iri ɗaya, ba wadda ta kumbura, ba wadda ta canza launi. Yatsu, ku tashi. Na dama suka miƙe gaba ɗaya kamar 'yan makaranta. Na hagu… babban ya motsa. Ya motsa ko? Ko idonsa ne?

Waya tana ruri a kan ƙaramar ganga, fatar na ƙara mata murya, zzz, zzz. Shugaba. Zai tambaya yaya sabuwar amarya, wato fedar, zai yi dariya, zai ce ana ji da kai fa. A ce masa me — ana kan gyara? Ana kan gyara.

Bai ɗauka ba. Ya zame daga kujera zuwa bakin kafet, inda siminti ya fara, ya sauke tafin ƙafafunsa biyu a kai. Ta dama ta ce sanyi, nan take, har cikin ƙashi.

Ta hagu — yana jira. Wayar ta yi shiru, ta sake farawa. Siminti ɗaya ne, ai. Bari dai ya ɗan ƙara jira.