Gandiroban da Ya Tsuguna

Tun da motar 'yan cika fage ta tsaya a ƙofar siton, Folarin yake leƙen masu saukowa. Wani tsohon sito ne a Ibadan aka sa wa ƙofofin ƙarfe ya zama kurkuku, ana ɗaukar fim ɗin boren fursunoni, Folarin ne babban gandiroba. Bai taɓa samun matsayi irin wannan ba. Madam Ibironke, mai fim ɗin, ta ce ba ta son boren wasa, sai ta sa aka kwaso mata mutum talatin da suka taɓa zaman gidan yari da gaske su cika fage. Na ƙarshen sauka daga motar Baba Lasisi ne.

Kowa a wurin ya san Folarin ya yi shekara huɗu yana karatu a Ghana. Baba Lasisi kaɗai ya san Ghanar: ɗakin gidan yari ne mai mutum sittin da bokiti ɗaya, kuma Baba Lasisin ne shugaban ɗakin. Shi ya bar wa Folarin makwancinsa na gindin taga lokacin da zazzaɓi ya kusa kai shi lahira. Madam kuwa irin matan nan ce da ke ƙanƙame jaka in tsohon fursuna ya gaishe su. Duk ranar da ta ji labarin, Folarin da fim sai dai a wani garin.

Da azahar 'yan wasa suna cin dafa-duka a rumfa, 'yan cika fage suna teba a gindin bango. Idon Folarin ya haɗu da na Baba Lasisi. Folarin ya dulmiya kai cikin farantinsa kamar mai tsince tsakuwa. Kunya ta kama shi har wuya, amma bai tashi ba.

Aka zo ɗaukar inda ake tara fursunoni bayan bore. Darakta ya busa usur, Baba Lasisi ya girgiza kai.

"Oga darakta, wannan ai na ƙwallo ne. Mu ba haka ake tara mu ba."

Ya ɗauki guntun ƙarfe, ya doki wani wilin mota da ke rataye sau uku, ya daka tsawa: "Biyar-biyar! Kai ƙasa!"

Mutum talatin suka zube a tsugune, hannu a ƙeya. Na talatin da ɗaya Folarin ne, da kakinsa da taurarinsa a kafaɗa. Jikinsa ya riga hankalinsa ji.

Madam ta cire tabarau.

"Folarin, kai kuma a ina ka koyi wannan?"

Baba Lasisi ya tuntsire da dariya. "Madam, kwaikwayonmu yake yi! Dubi duga-dugansa a sama. Ɗan gata ina ya iya tsuguno? Oga, tashi, kar wandon gwamnati ya yage mu ga abin da bai kamata ba."

Aka bushe da dariya. Madam ba ta yi ba, don duga-dugan Folarin a ƙasa suke daram, kuma ta gani.

Sai aka zo inda gandiroba zai lakaɗa wa madugun bore duka, madugun kuwa Baba Lasisi ne. An cusa masa soso a bayan riga, nan kulki zai riƙa sauka. Folarin ya ɗaga hannu, yana jin idon Madam a ƙeyarsa. Tsoro ne zalla ya cika shi, ya sauke kulkin a haƙarƙari, inda babu soso. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Darakta yana tsalle a bayan kyamara yana cewa, "Haka! Kar ka tsaya!"

Tsohon ya durƙushe, bai yi ko tari ba. Folarin ya cafki kwalarsa ya ɗago shi don ya faɗi maganar da aka rubuta masa, sai maganar ta ɓace. Fuskarsu dab da juna, numfashin tsohon yana fita da ƙyar.

"Ya isa, ɗana," in ji Baba Lasisi, a hankali yadda na'urar sauti ba za ta kama ba. "Ta yarda kai ba namu ba ne."

Folarin ya waiwaya. Madam tana tafi, har da miƙewa tsaye.